Mayafin Joseph Banks: Tambayoyi Kan Zane, Tsirrai Da Mulkin Mallaka

Wane ne Joseph Banks?

Attajirin Ingila ne masanin tsirrai. Ya bi jirgin Kyaftin James Cook zuwa tekun Pasifik daga 1768 zuwa 1771, ya dawo da tarin tsirran da Turawa ba su taɓa gani ba. Daga 1778 har rasuwarsa a 1820 shi ne shugaban Royal Society, babbar ƙungiyar masana ta Landan.

Me ke cikin hoton da mai zane Benjamin West ya zana masa?

Banks na tsaye lulluɓe da mayafin mutanen Maori na Niyu Zilan, yana nuna saƙar da yatsa. A ƙasa ga littafi buɗe da zanen tsiron da aka ciro zaren. Yatsan nan ba na banza ba ne. Sojan ruwan Ingila na neman zare mai ƙarfi, irin na rama, don igiyoyin jirage. Abin da hoton ke gaya wa masu mulki shi ne: ga dukiya, ni na gano ta. Macen da ta saƙa mayafin kuwa, babu ita babu sunanta, kuma wannan ne ke damuna.

To ba Turawan suka san sirrin zaren ba?

Ina! A 1793 har sai da aka sato wasu Maori biyu, Tuki da Huru, aka kai su tsibirin Nofok, gabas da Ostareliya, su koyar da gyaran zaren. Ashe aikin mata ne, mazan ba su san komai sosai a kai ba.

Ina haɗin tsirrai da mulkin mallaka?

Banks ne ya ba majalisar dokoki shawara a 1779 a riƙa kai fursunoni gaɓar Ostareliya, aka kuma fara a 1788. Shi ne ya tsaya aka kwaso bishiyar burodi, mai 'ya'yan da ake dafawa a ci, daga tsibirin Tahiti, ta isa Jamaika a 1793, don a ciyar da bayin gonakin rake da araha.

Abin ya shafe mu?

Ƙwarai. Banks yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar binciken Afirka a 1788, wadda ta turo matafiyi Mungo Park neman Kogin Kwara a 1795. Park ya ga mata na yin man kaɗanya, ya rubuta. Daga baya masana suka laƙaba wa bishiyar sunan Butyrospermum parkii don girmama shi. A tafiyarsa ta biyu ya mutu a Busa, a 1806.