Ƙarfafa hujjar abokin muhawara

Ƙarfafa hujjar abokin muhawara hanya ce ta neman gaskiya wadda mutum yake gina ra'ayin da bai yarda da shi ba a siffarsa mafi ƙarfi, kafin ya buɗe baki ya yi raddi. Kishiyarta ita ce kafa mutum-mutumi: a jirkita maganar wani, a zare mata laka, sannan a ture ta a yi kirarin nasara. Wanda ya yi haka bai gwada ra'ayinsa da komai ba, domin abin da ya kayar ba shi ne abin da ake jayayya a kansa ba.

Aikin ya daɗe. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Maƙasidul Falasifa yana bayyana mazhabar 'yan falsafa dalla-dalla, sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa ya yi musu raddi a mas'aloli 20. Bayanin farkon ya yi kyau har da aka fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12 ba tare da gabatarwarsa ba, malaman Turai suka ɗauka shi ma ɗan falsafa ne. A 1587 Cocin Katolika ta kafa muƙamin da aka fi sani da lauyan shaiɗan, wanda aikinsa a lokacin shi ne kawo hujjojin suka a kan duk wanda ake shirin ayyanawa waliyyi. Ɗan falsafar Birtaniya John Stuart Mill kuwa ya nuna a 1859 cewa wanda ɓangarensa kaɗai ya sani, ko shi ɗin bai sani sosai ba.

Matakan da aka fi bi a yau su ne na masanin lissafi Anatol Rapoport, waɗanda ɗan falsafa Daniel Dennett ya yaɗa a 2013. Na farko, ka maimaita ra'ayin abokinka da kalmominka, a fili kuma da adalci, har shi da kansa ya ce ka fi shi iya faɗa. Sai ka lissafa wuraren da kuka yi tarayya, ka ambaci abin da ka ƙaru da shi daga wajensa. Bayan waɗannan uku ne raddi yake zuwa.

Matakin farko shi ne mai wuya, kuma a nan aikin yake. Ana neman hujjar daga bakin mafi ilimin masu ra'ayin, ba daga mafi hayaniyarsu ba. Ana raba ta gida biyu, abin da ake iya aunawa da abin da ya shafi ƙima da fifiko, domin kowanne da irin amsarsa. Inda mai magana ya tsallake wani tsani, sai a cike masa da mafi ma'anar abin da zai iya nufi.

A ɗauki muhawarar ƙarin mafi ƙarancin albashi. Mai goyon baya yana iya cewa abokin hamayyarsa ba ya ƙaunar talaka ne kawai. Wannan mutum-mutumi ne. Hujjar mai ƙarfi ita ce, idan albashin ya wuce abin da ƙaramin kamfani zai iya biya, zai rage ɗaukar ma'aikata, kuma marasa ƙwarewa, waɗanda aka yi dokar dominsu, su ne za su fara rasa aiki. Da zarar an faɗe ta haka, zagi ya ƙare, tambayar ta koma ta awo: ana rage ma'aikatan ko ba a ragewa? Ita ce masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka bincika bayan jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga albashin daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa a 1992. Sun kwatanta gidajen abinci na can da na gabashin jihar Pennsylvania mai maƙwabtaka da ita, ba su ga raguwar aiki ba, kuma masana suka shafe shekaru suna tafka muhawara a kan sakamakon.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya gina hujjar da ta yi masa daɗi a kunne, ya ɗora wa abokinsa abin da bai faɗa ba. Mai kare wani ra'ayi da dalilin addini, sai a mayar masa da shi dalilin tattalin arziki da sunan gyara. Wannan ma jirkitawa ce, ko da niyyar ta yi kyau. Maganinsa a tambayi mai ra'ayin: shin haka kake nufi? Masanin tattalin arziki Bryan Caplan ya kawo gwaji makamancin wannan a 2011, inda mutum zai bayyana ra'ayin ɗaya ɓangaren har masu sauraro su kasa gane ba nasu ba ne.

Akwai kuma masu yin matakan a baki, suna jiran a kai wurin raddi, alhali sun riga sun yanke cewa ba abin da zai canza musu zuciya. Sannan hanyar tana da iyaka. Idan awo ya riga ya warware magana, kamar siffar duniya, abin da ake ƙarfafawa shi ne dalilin da ya sa mutane suka ruɗu, ba da'awar kanta ba, kuma dole a faɗa wa mai sauraro wanne daga cikin biyun ake yi.