"Halo, kana jina?" Abin da ke hana murya fita a waya

Ina gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma kusan kullum sai wani ya zo yace wayarshi ta lalace ba a jinshi. Ga tambayoyin da aka fi yi min.

Ta ya zan gane laifin wayata ne ko na sabis?

Kafin ka biya kuɗin a daidaita sahu ka zo wajenmu, buɗe rikoda ka naɗi muryarka ka saurara. In ta fita tas, to mautfis ɗinka lafiya lau. Sai ka kira wani ka saka a hansfiri, in kana jinshi raɗau a hansfiri amma a kunne sai ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, ƙaramar sifikar sama ce ta toshe. Duk biyun lafiya? Cire layin ka saka a wata wayar ka gwada.

Me ke toshe sifikar?

Ƙura mana, Kano fa muke. Lokacin hunturu hazo ya haɗu da gumi da man shafawa ya zama kamar laka a kan ragar da ke bakin sifikar. Akwai wani dattijo da ya kawo min waya har ya yanke shawarar sayen sabuwa, na duba sai naga ragar ta cushe da garin goro da datti, wallahi minti biyu ban yi ba da busasshen buroshin goge baki murya ta dawo, kunya ma ta hana ni karɓar kuɗinshi. Amma don Allah kar ka tura allura ko tsinke a ramin mautfis, akwai wata 'yar raga siririya a ciki, kana huda ta ka mayar da aikin kyauta na kuɗi. Sannan ka duba rigar wayar da sikirin gad, masu arhar nan sau da yawa ramukansu basa dacewa, har su rufe mautfis na biyu da ke sama, wanda shi ke rage hayaniyar gefe.

Ina jin muryata tana dawo min, matsalata ce?

Yawanci daga wancan ɓangaren ne. Wanda kake magana da shi ya ƙure sauti ko ya saka hansfiri, muryarka ta fita ta sifikarshi ta sake shiga mautfis ɗinshi. Kace ya rage.

Sabis a cike amma magana na kakkatsewa, ya akai?

Sandunan nan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, basa nuna yawan mutanen da suka taru a kan turken sabis ɗaya. Shi yasa ranar hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ko cikin kasuwar Kantin Kwari ana jajibirin sallah, zaka ga sabis ful amma kira sai a hankali. Ginin kankare da rufin kwano ma suna cin sigina, ka fito waje ko ka matsa bakin taga. Kunna alamar jirgin nan na ɗan sakanni ka kashe, wayar zata sake neman turke. In wayarka da layinka suna ɗaukar VoLTE ka kunna shi a saitin, kiran zai tsaya a 4G maimakon ya sauka 3G ko 2G, muryar tafi fita.

Kiran WhatsApp fa?

Wannan data yake ci, jinkirin magana daga intanet ne. Kashe bidiyo ku bar murya kawai.

Ana kira bana jin komai kwata-kwata?

Duba Bluetooth, ƙila iyafis ɗinka yana cikin aljihu a kunne, shi ya kwashe muryar.

Na gwada duka bai yi ba?

In layin ne a kowace waya, kira 300 ka kai ƙorafi wajen kamfanin, ka ajiye lambar ƙorafin da zasu baka, in an yi shiru sai ka kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne. In kuma wayar ce, musamman in ta taɓa faɗawa ruwa, kawo ta a buɗe, amma ka tsaya a gwada kira a gabanka kafin ka biya.