Gajeren Labari: Tambayoyin Da Na Gaji Da Amsawa

Tun ranar da na yi subul da baka na ce ina duba wa mutane gajerun labarai, wayata ba ta sake hutawa ba. Tambayoyin kuwa su ne dai, yau da gobe. Ga su nan na tara. Duk wadda ta sake turo min ɗaya daga ciki, wannan zan miƙa mata.

Kalma nawa ne gajeren labari?

Iya abin da masu gasa suka yanka. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema. In ba gasa za ki shiga ba, a iya karance shi kafin shayi ya huce.

Zan iya yanko babi ɗaya daga littafina in tura?

A'a.

Ba Turawa ne suka kawo mana wannan salon ba?

Kakarki ba ta taɓa yi miki tatsuniya ba? Daga "ga ta nan, ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus", minti nawa ne? Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ma, littafi uku ne, amma gajerun labarai ne jere a ciki, akasari daga bakin aku. In kuma da gajarta ake taƙama, ana ta yayata labarin Augusto Monterroso na Gwatamala mai kalma 7, wanda ya fito a 1959. Madalla. Mu ma muna cewa, "Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi." Kalma 9 ke nan. Mutum biyu, an ba ki jiyan ɗaya da goben ɗayan, ba wanda ya tsaya yi miki bayani, amma kin ji tsoro.

Malam, labarina ya kai kalma 2,300, ana neman 1,500. Me zan cire?

Yawwa, wannan ce tambaya. Ban ga labarin ba, saboda haka kada ki ɗauki maganata kamar yankan wuƙa.

Fara duba shafin farko. Mafi yawan waɗanda nake karantawa, labarin bai farawa sai a shafi na biyu. An kira asuba, ta tashi, ta yi alwala, ta share tsakar gida, ta dama koko, ta shirya yara. Kalma 300 sun tafi, ba abin da ya faru. Nemi wurin da rigima ta taso, ki fara daga nan ko dab da nan. Sai dai in sharar ce labarin, misali yau ce ranar da za ta bar gidan, to wannan ki bar ta.

Sai gaisuwa. Mu Hausawa gaisuwa na cin mana kalmomi fiye da kowa: ina kwana, ya gida, ya yara, ya gajiya, ya muka ji da haƙuri. A baki ladabi ne, a takarda asara. Amma nan ma a yi hattara. In amarya ta durƙusa ta gaida uwargida, ita kuwa ta ce "lafiya" ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba, wannan gaisuwar ta yi aikin shafi guda. Kada ki taɓa ta.

Dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, kujerun falo, irin motar Alhaji: share duka, ba wanda zai yi kewarsu. Ƙawa, ƙanwar miji da maƙwabciya, in duk gulma ɗaya suke kawowa, mayar da su mutum ɗaya.

Inda aka fi samun rara kuwa, wurin da kika tsaya kina gaya mana abin da ke ran mutum. Dubi wannan: "Sai ta ji wani irin baƙin ciki ya turnuƙe ta, zuciyarta ta yi ƙunci, hawaye masu zafi suka shiga zubo mata, domin ta gane cewa mijinta ya daɗe yana shirin ƙara aure bai gaya mata ba." Kalma 36. Ga wani: "A aljihun rigarsa ta tsinci rasidin akwati shida. Ta mayar, ta tsoma rigar a ruwa." Kalma 15. Ba a ambaci lefe ba, ba a ambaci kishiya ba, ba hawaye, amma wace mace ce ba ta gane ba? Ban ce kullum haka za a yi ba. Akwai kukan da dole a yi shi a fili, wani lokacin kuma a matse labari har mai karatu ya ɓata. Ki ba wata ta karanta, ki tambaye ta me ya faru. In ta kasa faɗa, kin wuce gona da iri, mayar da jimla ɗaya ko biyu.

In duk kin yi wannan har yanzu yana 2,000, wataƙila ba gajeren labari ba ne tun asali. Labarin da ya ɗauko yarinya daga haihuwa zuwa aurenta na uku, littafi ne. Ajiye shi, ba laifi ya yi ba. Ɗauki rana ɗaya daga cikinsa ki sake rubutawa.

In na haɗe "yace" da "tace" da "zanje", ai lissafin zai ragu ko?

Zai ragu, makinki ma haka. "Ya ce" kalma biyu ce. Haba 'yar'uwa.

Mai karatu ba zai ce na yi masa rowa ba?

Kwantar da hankalinki. Mun saba da "mu haɗu a littafi na biyu", shi ya sa kike jin kamar kin tashi baƙo bai ƙoshi ba. Mai karatu ba yaro ba ne, ba sai an tauna an ba shi ba. Giɓin da kika bari shi zai cike da abin da ya gani a gidansu, kuma wannan ne zai kwana da shi.

Dole sai wani ya mutu a ƙarshe?

Ku daina kashe mutane a hatsarin mota don kalmomi sun ƙare muku. "Ashe mafarki nake yi" ma a ba shi hutu. Sakin layin nan na ƙarshe da ake cewa "jan hankali gare ku iyaye", shi nake fara gogewa tun kafin in karanta sauran.

Ana samun kuɗi da shi?

Ban da gasa, da ƙyar. Masu sayar da labari ta WhatsApp yawan shafi suke sayarwa.

To Malam, za ka duba min nawa yau?

Kin ƙirga shi? Je ki ƙirga tukuna.