Sojoji Ba Su Ce Baƙi Ne Daga Wata Duniya Ba

An daɗe ana cewa idan sojoji suka binciki baƙon abin da matuƙin jirgi ya hango a sama, to halittun wata duniya ne suka zo. Ba haka abin yake ba. Idan sojoji suka ce "ba a gano ba", suna nufin hujjoji ba su wadatar ba.

A Amurka, daga 1947 zuwa 1969, sojoji sun duba rahotanni 12,618 na ganin irin waɗannan abubuwa, kuma 701 kaɗai suka gagara warwarewa. Yawancin waɗanda aka warware balan-balan ɗin auna yanayi ne, ko wasu jiragen, ko Zara matar wata, wadda ƙyallinta da asuba kan ruɗi har ƙwararren matuƙi. Babbar damuwar soja ita ce leƙen asirin abokan gaba.

In ka ji irin labarin, nemi lokaci da wurin, ka gwada da manhajar taurari ko ta bin sawun jirage. Don Allah a tura wa 'yan uwa.