Cutar MS ba raunin garkuwar jiki ba ce

A Zariya, da zarar likita ya ce ciwon mutum ya shafi garkuwar jiki, sai 'yan'uwa su ɗauka ta yi rauni ne kamar ta mai ƙanjamau, su bazama kasuwar Sabon Gari neman maganin ƙara mata ƙarfi. A cutar MS, wato multiple sclerosis a Turance, wadda likitan Faransa Charcot ya bayyana a 1868, garkuwar tana nan da ƙarfinta, sai dai ta kasa gane nata, tana kai hari ga kitsen da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Inda kitsen ya lalace saƙo yakan yi jinkiri ko ya yanke, shi ya sa budurwa za ta wayi gari ido ɗaya yana gani dishi-dishi, ko ƙafa ta mutu, bayan makonni abin ya lafa, har a ce aljanu ne.

Cutar ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Magungunanta na rage zafin garkuwar ne, don haka wajibi ne mai irin waɗannan alamomi ya ga likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Shika kafin ya sha komai.