Waiwaye: Daga Akbar Zuwa Aurangzeb, Yadda 'Yan Kallo Suka Sauya Finafinan Tarihi a Indiya

A watan Fabrairun 2025 intanet ta cika da bidiyon mutane suna sharɓar kuka a gidajen sinima na jihar Maharashtra, wasu kuma suna miƙewa bayan an tashi suna yi wa sarkin da ya mutu sama da shekara 300 kirari. Fim ɗin shi ne Chhaava, inda Vicky Kaushal ya fito a matsayin Sambhaji ɗan Shivaji, sarkin Maratha mabiya addinin Hindu da Aurangzeb, sarki Musulmi na daular Mughal, ya sa aka kashe a 1689. Wata guda bayan haka tarzoma ta ɓarke a birnin Nagpur, sanadin kiraye-kirayen a rushe kabarin Aurangzeb. Babban ministan jihar, Devendra Fadnavis, da bakinsa ya faɗa a majalisa cewa fim ɗin ya taso wa mutane fushi.

Ba yau Indiyawa suka fara zuba zuciyarsu a fim ɗin takobi da dawaki ba. A 1941, ƙasar tana hannun Turawan Ingila, Sohrab Modi ya fitar da Sikandar, labarin karon Iskandar na Girka da Porus, sarkin da ya sha kaye a yankin Punjab amma ya ƙi sunkuyar da kai. 'Yan kallo ba su buƙaci tafinta ba, sun gane wane baƙon ake nufi. Su ma Turawan sun gane, shi ya sa suka hana nuna shi a wasu gidajen sinima na barikokin soja.

Sai kuma gagarabadau, Mughal-e-Azam na 1960. K. Asif ya yi shekara goma sha wani abu yana fama da shi, ya cinye sama da rupi miliyan 10 a zamanin da ake gama fim da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har sojojin ƙasar aka aro don fagen daga. Ranar buɗe shi a gidan sinima na Maratha Mandir da ke Bombay, a kan giwa aka ɗauko faifan, mutane kuwa sun kwana a layin tikiti. Shekara 15 yana riƙe da kambun fim mafi ciniki, sai da Sholay ya zo a 1975. Abin lura shi ne wanda aka ɗora a kan karaga: Akbar, sarki Musulmi, adali, wanda matarsa 'yar addinin Hindu take bikin haihuwar Krishna a cikin fadarsa. Yaƙin da aka gwabza a ciki tsakanin uba ne da ɗa, a kan soyayyar Yarima Salim da baiwa Anarkali. Shekara 13 kacal bayan raba Indiya da Pakistan da jinin da aka zubar, ƙasa guda ta taru tana tafa wa sarkin Mughal.

Daga nan kasuwar ta yi sanyi. Razia Sultan na 1983 ya janyo mummunar asara, Asoka na 2001 ma bai taɓuka abin kirki a gida ba, duk da Shah Rukh Khan ne jarumin. Masu zuba kuɗi suka ɗauka cewa rawani da sulke hanyar talauci ce. Jodhaa Akbar na 2008 ya yi ciniki, sai dai bai samu shiga gidajen sinima na Rajasthan ba saboda boren ƙungiyar Karni Sena ta 'yan ƙabilar Rajput, masu cewa an murɗe tarihin gimbiyarsu. A nan aka fara jin ƙamshin abin da ke tafe.

Wanda ya farfaɗo da harkar ma ba fim ɗin tarihi ba ne. Baahubali na S. S. Rajamouli, kashi na farko a 2015, na biyu a 2017, da harshen Telugu aka yi shi, kuma masarautar da ke ciki ta tatsuniya ce. Amma ya nuna cewa da dabarun kwamfuta ana iya tara runduna da giwaye ba sai an roƙi soja ba, kuma mai kallo zai biya. Kashi na biyun shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya haura rupi biliyan 10. Mu ma nan shaida ne. Tun shekarun 1950 muke kallon Indiya a sinimomin Kano da Kwarori suka kafa, amma da wuya a samu shagon tura finafinai a waya da bai sha tura fassarar Baahubali ba, yara har sun haddace sunan Kattappa.

Da aka dawo kan tarihi na gaske da wannan sabon ƙarfi, sai kujerar sarki Musulmi ta sauya wuri. A Padmaavat na 2018, Alauddin Khilji, sarkin Delhi Musulmi, ya fito kamar dabba, yana yagar nama da hannu, alhali tushen labarin waƙa ce da wani Sufi, Malik Muhammad Jayasi, ya rubuta a 1540, fiye da shekara 200 bayan Khilji ya ci garin Chittor a 1303. Abin ban dariya, ba Musulmi ne suka fi tada jijiyar wuya ba. Karni Sena ce ta far wa wurin ɗaukar fim ɗin a Jaipur, ta mari darakta Sanjay Leela Bhansali, sai da Kotun Ƙoli ta soke haramcin da wasu jihohi suka sa. Tanhaji na 2020 ya bi sahu da yaƙin Maratha da Mughal, ya zama na ɗaya a ciniki a shekarar. Duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin mulkin jam'iyyar BJP mai kishin addinin Hindu, lokacin da ake sauya sunayen garuruwa irin su Allahabad, ana kuma rage babin Mughal a littattafan sakandare.

A yi adalci, 'yan kallon Indiya ba raƙumi da akala ba ne. Samrat Prithviraj na 2022 ya samu yafiyar haraji a wasu jihohi, ministan cikin gida Amit Shah ya je kallonsa, amma ya faɗi warwas duk da Akshay Kumar. A 2022 ɗin kuma RRR, wanda mugayensa Turawan mulkin mallaka ne, da Ponniyin Selvan na daular Chola, suka kwashi jama'a. Mai tikiti yana son a girgiza shi tukuna, in labari ya yi lami ko tutar wa aka ɗaga ba zai dawo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fita daga sinima da abin da aka gani a matsayin karatu. Chhaava ya nuna garin Burhanpur a matsayin rumbun dukiyar Mughal. Makonni kaɗan bayan fitowarsa, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ganuwar Asirgarh a jihar Madhya Pradesh suka fita cikin dare da fitilu da rariya, suna haƙar gonaki suna neman zinaren Aurangzeb.