Give Up (kundin waƙoƙin The Postal Service)

Give Up kundin waƙoƙi ne da ƙungiyar The Postal Service ta Amurka ta fitar a watan Fabrairun 2003 ƙarƙashin kamfanin Sub Pop da ke birnin Seattle. Waƙoƙi goma ne a cikinsa, kuma shi kaɗai ne kundin sutudiyo da ƙungiyar ta taɓa yi. Ana lissafa shi cikin ayyukan da suka buɗe hanyar haɗa kiɗan kwamfuta da salon mawaƙa masu zaman kansu, waɗanda ba su jingina da manyan kamfanoni ba.

Mutum biyu ne ƙashin bayan aikin: Ben Gibbard, mawaƙin ƙungiyar Death Cab for Cutie, da Jimmy Tamborello, makaɗin na'ura da aka fi sani da Dntel. Sun fara haɗuwa ne a kan waƙa ɗaya cikin kundin Dntel na 2001, abin ya yi armashi, sai suka ce bari a ƙara.

Sai dai garinsu ba ɗaya ba. Tamborello yana Los Angeles, Gibbard yana Seattle. Tamborello kan haɗa kiɗa a kwamfutarsa, ya ɗora a faifan CD, ya aika ta gidan waya. Idan faifan ya iso, Gibbard ya saurara, ya yanke wani wuri, ya tsawaita wani, ya rubuta baituka, ya sa muryarsa da jita, sannan ya mayar. Haka faifai ya yi ta kai da komo tsawon watanni. Daga nan sunan ƙungiyar, wanda ke nufin gidan waya, ya samo asali. Jenny Lewis ta ƙungiyar Rilo Kiley ce ta yi amshi a yawancin waƙoƙin, Jen Wood kuma ta rera "Nothing Better" tare da Gibbard, inda saurayi ke roƙo budurwa na mayar masa da martani.

Daɗin kundin yana cikin haɗuwar abu biyu da ba a saba jinsu tare ba: kiɗa mai sanyi irin na na'ura da murya mai taushi da ke zancen kewa da rabuwa. Wanda ya sa abin sauraro a kunne ya kunna "Such Great Heights" zai ji ƙananan sautuka suna tsalle daga kunnen hagu zuwa na dama kafin muryar ta shigo. Wannan buɗewar kaɗai ta isa a gane hannun Tamborello, wanda a gaskiya ba a cika ba shi haƙƙinsa na yabo ba.

Sunan ya jawo musu rigima. Hukumar gidan waya ta Amurka ta aiko musu da takardar gargaɗi a 2003 cewa sunan nata ne. A 2004 aka sasanta: suka riƙe sunan, su kuma suka yarda su taimaka wajen tallata hukumar, har suka yi wasa a taron manyan jami'anta.

Kundin bai yi farin jini dare ɗaya ba, sannu a hankali ya yi ta shiga. A 2012 cinikinsa ya kai kwafi miliyan ɗaya a Amurka, wanda kafin nan kundin Bleach na ƙungiyar Nirvana ne kawai ya kai wannan matsayi a Sub Pop. Ƙungiyar ta sake haɗuwa a 2013 don zagayen cika shekara goma, sannan a 2023, inda suka riƙa rera kundin daga farko har ƙarshe a kowane dare.